Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kakar da Jakunan Dawa Suka Ƙi Faɗuwa

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya na tsaya ne a inda na samu ɗakin haya a gidan wani dattijo a birnin Kiel, can arewacin Jamus a bakin Tekun Baltik, a shekarar 2011. Baba nake ce masa, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Ranar da na gaya masa cewa na taɓa tsaron raga a ƙwallon hannu lokacin ina sakandare, sai tsohon nan ya ajiye jaridarsa ya ƙare mini kallo. Ashe matarsa ta daɗe da rasuwa, amma bai daina biyan kuɗin kujerarta a zauren wasan THW Kiel, ƙungiyar ƙwallon hannu ta birnin, ba. Zauren yana ɗaukar mutum 10,285, kuma kusan duk kujerun na masu tikitin shekara ne, waɗanda ba sa saki. Ya ce, "Ɗana, daga yau kai ne za ka zauna a wurinta." Na ce, "Baba, na gode, Allah ya bar zumunci."

A cikin bas, kan hanyar zuwa wasa, yake ba ni tarihin ƙungiyar guntu-guntu. An kafa ta a 1904 a matsayin ƙungiyar motsa jiki ta unguwannin Hassee da Winterbek, ƙwallon hannu daga baya ya shigo. Ana yi musu laƙabi da Jakunan Dawa saboda rigarsu baƙi da fari. Sun ci kofin Jamus a 1957 da 1962 da 1963, daga nan sai aka shiga fari na shekara talatin da ɗoriya. Baba ba ya son zancen waɗannan shekaru, in ka tambaya sai ya leƙa taga.

Abin ya juya ne da zuwan mutum biyu. Magnus Wislander, ɗan Suwidin wanda daga baya aka zaɓa gwarzon ƙarni, ya iso a 1990. Koci Noka Serdarušić ya biyo baya a 1993, shekara na zagayowa suka ɗauki kofin lig. Ya zauna har 2008, kuma a hannunsa suka haɗa kofi uku a 2007: lig, da kofin ƙalubale, da kofin zakarun Turai, wanda suka ƙwace a hannun maƙwabtansu kuma manyan abokan hamayyarsu, Flensburg. Da ya tafi, Alfreð Gíslason ɗan Aisland ya karɓa har 2019. Koci biyu ke nan a shekara 26. Ni a ganina nan ne asirin gidan yake, ya fi kuɗi, ya fi sunayen 'yan wasa. Ƙungiyar da ke korar koci duk bayan shan kashi biyu ba za ta taɓa koyon tsaron baya irin na Kiel ba, domin shi tsaron layin mita shida da ke gaban raga sai mutum ya san numfashin na kusa da shi.

To, kakar da na tarar ita ce ta 2011/12. Jama'a idonsu na kan Filip Jícha ɗan ƙasar Cek da Daniel Narcisse, wanda in ya yi tsalle sai ka rantse ya manta hanyar saukowa. Ni kuwa gola nake kallo, Thierry Omeyer ɗan Faransa. Mai tsaron raga shi ya san ɗan'uwansa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne jinkirinsa: ba ya motsi sai hannun mai jifa ya riga ya yanke shawara, sannan ƙafa ko tafin hannu ya bayyana a wurin. In ya tare, kafin abokan hamayya su juya, ƙwallo ta isa ɗaya ragar. Haka tazarar ƙwallo ɗaya take zama biyar cikin 'yan mintuna.

Ƙungiyoyi 18 ne a lig ɗin, wasa 34, nasara maki biyu. Kiel ta gama da maki 68, ko kunnen doki ba ta yi ba. Tun ana cewa sa'a ce har aka koma lissafin wanda zai fara tare su, ba a samu ba. Suka haɗa da kofin ƙalubale, sannan a ƙarshen watan Mayu suka doke Atlético Madrid da ci 26 da 21 a birnin Kolon, suka ɗauki kofin Turai karo na uku, bayan na 2010 da suka ci Barcelona 36 da 34. Wannan wasa a talabijin muka kalla, don gwiwar Baba ba ta yarda da doguwar tafiya ba. Maƙwabta dai sun sha ihunmu.

Omeyer ya koma Montpellier a 2013, mutane suka fara cewa zamani ya wuce. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar ƙarshe ta kakar 2014, da Kiel da Rhein-Neckar Löwen suka yi daidai a maki, ƙwallo biyu kacal suka raba gardama, da yadda likita ya hana Baba zuwa zauren ya tura ni ni kaɗai.