Littattafan da Muka Karanta a Tsakar Gidana

Ranar Alhamis bayan la'asar muka zaɓa, don ita ce ranar da ba Islamiyya. 'Yan mata 11 ne, 'yan shekara 13 zuwa 17, duk 'ya'yan maƙwabta. Tabarma biyu nake shimfiɗawa a tsakar gida, in ajiye zoɓo a gefe.

Da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam na fara, saboda shi na fi so ina yarinya. Sun yi dariyar Malam Zurƙe, ba laifi, amma mako na uku sai mutum biyar suka zo. Na tambayi wata dalili, ta ce, "Anti, ai ba mace ko ɗaya da take wani abin kirki a ciki." Raina ya ɗan sosu. Littafin nan tun gasar 1933 yake, ban taɓa jin an yi masa wannan kallon ba. Da na sake dubawa da dare, na ga yarinyar ba ta yi ƙarya ba.

Sai na ɗauko Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. Labarin Abu ne, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, daga baya ta koma karatu. Ranar da muka kai wurin auren, har aka kira magariba ba wanda ya tashi. Wasu suka ce uban Abu azzalumi ne, wasu suka ce abin da ya tarar ana yi shi ya yi. Wata da ba ta taɓa buɗe baki ba ta ce yayarta ma haka aka yi mata, daga nan ta yi shiru. Ban matsa mata ba. Da na faɗa musu cewa ita kanta marubuciyar tana ƙarama aka yi mata aure, kuma ƙanwar Janar Murtala ce, sai suka ƙara riƙe littafin da daraja.

Bayansa muka yi So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980. Gajere ne, zama biyu muka gama shi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba kuwa manyan kawai na ba, don akwai zancen kishiya da saki da ƙananan ba su kai ba tukuna. Masu son gwada Turancinsu na haɗa su da The Virtuous Woman na Zaynab Alkali, tunda 'yan matan sakandare ne a ciki.

Kuskuren da na yi shi ne barin wata ta kawo labarin da ta samu a WhatsApp, ban karanta ba na ce a fara. Shafi kaɗan muka yi na karɓe wayar. Kafin dare maganar ta kai kunnen mahaifiyar wata, ta aiko a ce 'yarta ta daina zuwa. Sai da na je har ɗakinta na ba da haƙuri, na bar mata littafin Balaraba ta duba da kanta. Tun daga ranar ba abin da ke hawa tabarmar nan sai na karance shi tas.

Kwafi ma wahala ne. Uku muke da su, don haka karba-karba ake yi da babbar murya, kuma a nan na gane da yawansu Hausar boko tana ba su wuya, ƙ da k duk ɗaya ne a wurinsu.

Hajiyar ta dawo da littafin bayan kwana tara, 'yarta na biye da ita. Ta zauna a bakin tabarma, ta ce in akwai wani irinsa a ara mata.