Wata na goma sha huɗu da Sifaniyanci: na koma bi ta Hausa

'Yan uwana masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Tun bayan babbar salla ban faɗa muku inda aka kwana ba. Yanzu ina shekara ta biyu a sashen harsunan zamani na Jami'ar Ghana da ke Legon, wata goma sha huɗu ke nan da fara furta "buenos días".

Makonni shidan da suka wuce, abu ɗaya ne ya sha mini kai, wato abin da suke kira subjuntivo, sigar aikatau ta fata ko umarni ko shakka. Na karanta babin da Turanci har sau uku, na haddace dokokinsa, amma da na buɗe baki sai su watse. Wani dare ina kwafe jimlar "Quiero que vengan", sai na rubuta ma'anarta da Hausa a gefen takarda: ina so su zo. Na ajiye biro na yi ta kallonta. Vienen, suna zuwa. Vinieron, sun zo. Vengan, su zo. Ashe abin da nake ta fama da shi yana bakina tun ina goye. Kafin in kwanta na cika shafi biyu: "para que coman", don su ci; "antes de que salgan", kafin su fita; "no vengan", kada ku zo; "ojalá que lleguen bien", Allah ya sa su isa lafiya. Duk inda Bahaushe zai sa "su" ɗin nan ta fata ko umarni ko manufa, nan Basifaniye ma yake juya aikatau ɗinsa.

Ba ko'ina suka dace ba, kada ku ɗauka an gama. "No creo que vengan" mu cewa muke ba na jin za su zo, "cuando lleguen" kuma idan sun iso. Waɗannan na ware musu shafi daban, haddarsu nake yi. Amma mafi yawan aikin Hausa ta ɗauke mini, kuma daga daren nan na daina fassara sabbin kalmomi da Turanci a littafina.

Haka jinsin suna. Abokan karatuna da harshensu bai raba namiji da mace suna wahala da el (na namiji) da la (na mace) da ake sawa kafin suna, ni kuwa na saba da riga tawa ce, wando nawa ne. Yawancin sunayen mata a wurinsu da "a" suke ƙarewa kamar namu, har masu saɓa wa dokar ma muna da irinsu: el día da el mapa maza ne, kamar yadda gida da ruwa da suna suke maza. Sai dai a kula, rana tamu mace ce, el sol namiji, wata namiji ne, la luna mace. Nan har yau nakan yi tuntuɓe.

Inda nake shan wuya sosai shi ne p da f. Ni Bakano ne, a bakina kusan abu ɗaya ne. A gwajin baka na so in ce puente, gada, sai na ce fuente, maɓuɓɓugar ruwa, malamar ta sa na maimaita sau biyar. Yanzu kullum bayan asuba nakan tsaya gaban madubi minti goma: a p leɓɓa su haɗe gam sannan su buɗe, a f haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Pino, fino. Puente, fuente. Ina ɗaukar muryata a waya in saurara. Ita kuwa r mai karkarwa ta perro, kare, wadda ke hana wasu barci, kyauta muka same ta.

Akwai wata hira da na yi da Baba a waya da nake so ku ji. Shi ne ya fi kowa shakkar karatun nan. Na ce masa, "Baba, ka san me suke kiran shugaban gari? Alcalde." Ya ce, "Alƙali ke nan." Na ce daga kalmar Larabci ɗaya suka fito, kamar yadda azúcar da sukari suke 'yan uwa, aceite, wato mai, kuma daga az-zait. Musulmi sun shiga ƙasar Sifaniya a 711, Garnaɗa, daularsu ta ƙarshe a can, ba ta faɗi ba sai 1492, to ina harshen zai rasa tabon Larabci? Sannan na gaya masa Jayyan, garin da aka haifi Ibn Malik mai Alfiyyar da yake karantarwa a zaure, tana nan har gobe, Jaén ake ce mata, kuma ta yi suna da man zaitun. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To ka dage, Allah ya yi albarka." Na daɗe ina jiran wannan kalma.

Tambayarsa ta farko dai tana nan: wane aiki za ka ci da shi? Akan ce ƙasashe ashirin ne ke aiki da harshen a hukumance, ciki har da Ikwatoriyal Gini da ke kusa da mu, kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk gaskiya ne, akwai tafinta da koyarwa da aikin jakadanci. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai zoɓo ne. Busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano, ake durawa a buhuna, babbar kasuwarsa a waje Meziko ce. Can flor de jamaica suke ce masa, suna jiƙa shi su sha da sanyi kamar mu. Na taso ina ganin buhunan nan a Dawanau. Ina so in zama wanda zai zauna tsakanin dillali da mai saye, in ji kowa da harshensa, in karanta yarjejeniyar da idona kafin Alhaji ya sa hannu.

Shi ya sa na sa jarrabawar DELE, ta shaidar iya Sifaniyanci, a gaba, matakin B1, wato na matsakaici. Cibiyar Cervantes ta ƙasar Sifaniya, mai yaɗa harshen, ce ke shirya ta, takardar shaidar ba ta ƙarewa, kuma ana gwada karatu da sauraro da rubutu da magana. Sauraro ne raunina. Idan mutumin Madrid na karanta labarai ina kama yawanci, amma mutumin Kuba da ke haɗiye "s" sai in rasa inda kalma ta ƙare. Daga makon nan zan riƙa kallon wasan La Liga ɗaya da sharhin Sifaniyanci, in kuma saurari rediyon Meziko minti ashirin kowace yamma ina rubuta abin da na kama. Duk wanda ya riga ni zana B1 a cikinku, don Allah ya gaya mini yadda ya shirya wa ɓangaren magana.