Kirim ɗin da ya share min kuraje a kwana uku ya ci min sama da shekara

Har yanzu in na tuna sai naji wani abu ya tokare min ƙirji, dan wallahi kurajen da nake da su tun farko ba wasu na a zo a gani bane. 'Yan ƙanana ne a goshi da haɓa, irin masu fitowa in al'ada ta matso, sai dai hannuna baya zama waje ɗaya, duk wanda ya leƙo sai na matse shi, shi kuma ya bar min baƙin tabo. Tabon ne ma ya fi damuna. Wata ƙawata ta gaji da jin ƙorafina ta ciro wani ɗan tub daga jakarta tace ƙawata ki dinga shafa wannan da daddare, za ki bani labari. Ban taɓa ganin laifinta ba, ita ma haka aka bata, kuma da zuciya ɗaya ta miƙo min.

Kwana uku kacal. Na tashi da safe na duba madubi naga kurajen sun kwanta, fuskar tayi sumul, bayan sati biyu har wani haske ta fara yi, kowa ya ganni sai yace me kike shafawa haka. Da ya ƙare na sayi wani, ya ƙare na sake saya. Kuma duk tsawon nan ko sau ɗaya ban juya kwalin na karanta abin da aka rubuta da ƙananan haruffa a gefe ba. Wannan shi ne abin da har yau yake cin raina, kwalin yana hannuna kullum, na iya karatu, wayata na da intanet, minti ɗaya ya isheni in san me nake zubawa fuskata, amma ban yi ba saboda abu yana aiki, waye zai tsaya bincike akan abin da yake aiki.

Wata bakwai nayi ina shafawa. A cikin watan na uku ne na fara gwada dainawa tunda kurajen sun tafi, to kwana biyu zuwa uku da dainawa sai fuskar ta ɗau zafi kamar an watsa min ruwan zafi, tayi jajir, wasu ƙananan ƙuraje su feso, ga ƙaiƙayi. Ni kuma a tunanina ciwon ne ya dawo dan na daina magani, sai in koma, ina shafawa washegari komai ya lafa. Haka na dinga zagaye a waje ɗaya, daga sau ɗaya a rana na koma sau biyu, ashe kirim ɗin ne da kansa yake haddasa abin da nake shafa shi dominsa. Duk wadda take shafa wani abu a fuska kuma ta lura in ta tsallake kwana biyu fuskarta tana raɗaɗi, dan Allah ki tsaya ki karanta kwalin nan yau ɗin nan, ni da wani ya faɗa min wannan maganar a wata na uku da ban kai inda na kai ba.

Wajen wata na shida abubuwa suka fara fitowa fili. Fatar kumatuna tayi siriri har ina hango 'yan jijiyoyi jajaye a ƙarƙashinta kamar zare. Gashi ya fara fito min a gefen fuska inda babu shi da. Rana kaɗan ta taɓa ni sai zogi, ko tururin ruwan wanka bana iya jurewa. Sai wasu ƙuraje iri ɗaya sak, girmansu ɗaya, suka cika min kumatu da zagayen baki, kuma a lokacin ko na shafa kirim ɗin basa kwanciya. Saman kumatun kuma ya fara yin duhu alhali sauran fuskar tayi fari fat, fuska kala biyu.

Da na je wajen likitar fata, tun a waya aka ce in taho da duk abin da nake shafawa. Na zube mata su akan tebur, bata ma kalli sauran ba ta ɗauki tub ɗin ta juya kwalin ta nuna min da biro: clobetasol propionate 0.05%, sai maganin fangas da maganin ƙwayoyin cuta da aka haɗa a ciki. Tace 'yar'uwa tun yaushe? Nace wata bakwai. Tayi shiru na ɗan lokaci sannan ta fara min bayani, kuma na gode mata da bata min faɗa ba dan a lokacin kuka ne kawai ya rage min.

Abin da ta fahimtar da ni shi ne clobetasol sitiroid ne, wato irin maganin da ke danne kumburi, kuma su sitiroid na shafawa hawa-hawa ne wajen ƙarfi. Hydrocortisone 1% yana can ƙasa, betamethasone yana sama, shi kuwa clobetasol yana cikin rukunin ƙoli, wanda ake bayarwa ga ciwon fata mai kauri da taurin kai kamar a tafin hannu ko tafin ƙafa, yawanci sati biyu a tsaya, kar a wuce giram 50 a sati, kuma ba a fuska ba. Fatar fuska siririya ce, tana zuƙar magani fiye da ta sauran jiki. Dalilin da ya sa nake ganin aiki nan take, yana tsuke jijiyoyin jini ne yana danne kumburi, sai jan ya ɓace fata tayi haske, amma baya taɓa asalin abin da ke kawo kurajen fuska, wato toshewar ƙofofin gashi da maiƙo. Shi kansa ma yana haifar da nashi kurajen, su ne waɗancan masu girma ɗaya. Sannan yana hana fata ƙera kolajin ɗin da ke riƙe ta, shi ya sa tayi siriri. In ka daina kuma jijiyoyin da aka daɗe ana tsukewa su buɗe gaba ɗaya, shi ne zafin da jan da nake ɗauka ciwo ne ya dawo.

Tace magani na farko shi ne rabuwa da shi, kuma ta gaya min gaskiya cewa sai fuskar ta ƙara lalacewa kafin ta gyaru. Ta sauko da ni zuwa hydrocortisone na ɗan lokaci ana rage kwanakin a hankali, daga nan ta maida ni kan tacrolimus 0.03% wanda shi ba sitiroid bane, da ƙwayar doxycycline 100mg kullum, bayan ta tambaye ni ko ina da ciki ko ina shayarwa dan ba a bai wa mai ciki. Ta hana ni soso, ta hana ni duk wani sabulu mai ƙamshi da abin goge fuska, abin wankewa mai laushi kawai da man da ke riƙe danshi wanda ba turare a ciki, in zafi ya dame ni in ɗora tsumma mai sanyi.

Sati na biyu zuwa na biyar ba zan manta da su ba. Fuskar ta kumbura, tana saɓa kamar ana ɓare ta, wani wajen har ruwa-ruwa yake yi, in nayi dariya ko hamma sai naji kamar za ta tsage. Bacci ya gagara. Na daina fita sai dole, na daina ɗaga kiran bidiyo. Kuma kuskure na biyu da nayi, likita tace in jefar da tub ɗin ban jefar ba, na ɓoye shi a durowa. Wani dare wajen ƙarfe biyu zogi ya ishe ni na ɗauko shi har na buɗe murfin, na san in na shafa da safe zan tashi lafiya lau, na kuma san duk wahalar sati ukun nan ta tashi a banza. Ina kuka na kira yayata, tace ki ajiye shi a ƙofar ɗaki yanzu, gobe da sassafe zan zo in ɗauka, kuma ta zo ɗin. Da tub ɗin nan ya ƙara kwana ɗaya a ɗakina ban san me zai faru ba.

Doxycycline ɗin ma ya koya min hankali sau ɗaya, na haɗiye shi da ɗan ruwa kaɗan na kwanta, na tashi da ƙuna a ƙirji kwana uku haɗiyar yawu ma da ƙyar. Ana shan shi ne da ruwa cikin kofi a zaune, kar a kwanta sai an ɗau aƙalla rabin awa, kuma yana sa rana ta fi cin mutum.

Sai a wata na huɗu da rabuwata da kirim ɗin, da fatar ta huce, sannan aka fara maganin kurajen da suka kai ni ga wannan duka. Adapalene 0.1% da daddare, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ga fuska gaba ɗaya, sau biyu a sati da farko sannan ana ƙarawa. Benzoyl peroxide 2.5% akan masu fitowa, wanda ya kashe min kalar rigar filo da tawul biyu kafin in gane shi ne, farin tawul da farar rigar filo ake amfani da su. Azelaic acid 20% saboda tabo. Da man kariya daga rana SPF 30 ko sama kullum da safe, wanda da ni a ganina mai baƙar fata ba ta buƙatarsa, ashe rana ce take ƙara dafa tabon tana hana shi gogewa. Likitar ta ja min kunne akan adapalene cewa in ina shirin ɗaukar ciki in daina in zo a canza min. Na roƙe ta ta bani hydroquinone, wani man da ke rage duhun fata, dan duhun kumatun ya tafi da wuri tace ba yanzu ba, fatar bata warke ba, kuma shi ma in aka daɗe ana shafa shi ba kulawar likita yana iya barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ya fi na farkon wuyar fita.

Abin da ya fi min wahala a wannan matakin haƙuri ne, dan na saba da maganin kwana uku. Tace kar in yanke hukunci sai an yi sati 8 zuwa 12, kuma a satuttukan farko wasu kurajen za su iya ƙaruwa da ɗan bushewa. Sati shida ina shafawa ina duba madubi ban ga komai ba, raina ya dinga ɓaci, ina tuna yadda wancan yake yi cikin dare ɗaya. Hoton da nake ɗauka duk ranar Lahadi a waje ɗaya da haske ɗaya shi ya taimake ni, dan ido baya ganin canjin yau da gobe amma da na jera na sati ɗaya da na sati goma sai ga bambanci ƙarara. Matsa kuraje kuwa na daina shi da ƙyar, na yanke farce ƙasa-ƙasa.

Akwai wani abu da ban so faɗa ba amma shi ya fi komai tsaya min a rai. A lokacin da nake ganin na samu maganin duniya, ƙanwata ta samu makero a wuya na matsa mata kirim ɗin nan nace ta shafa. Ƙaiƙayin ya tsaya, zoben ya dushe, muka ce ya warke. Ashe sitiroid ɗin danne garkuwar fata yayi, fangas ɗin ya samu sarari yana yaɗuwa a ɓoye, da ya dawo ya sauka har kafaɗa da baya kuma ya daina kama da makero, sai da aka kankari fatar aka duba a na'ura sannan aka gane. Abin da man terbinafine ko clotrimazole shi kaɗai zai iya kashewa a sati biyu zuwa huɗu sai da ta sha ƙwaya. Allah ya taimaka bata shafa a hammata ko matsematsi ba, dan a can ne yake saurin fasa fata ya bar nankarwa, ita kuwa nankarwar sitiroid bata gogewa gaba ɗaya. Da hannuna na bata, kamar yadda aka bani, ni ma ban karanta ba.

Yanzu wata 14 kenan da rabuwata da shi. Alhamdulillah kalar fuskata ta dawo ɗaya, gashin gefen ya ragu sosai, kuraje sai jefi-jefi, tabon ya tafi sai ɗan kaɗan a haɓa. Jijiyoyin kumatun hagu ne suka ƙi tafiya, likita tace waɗannan sai dai leza, wato aikin da ake yi da na'urar haske, in na so nan gaba, kuma har yanzu wajen yana min zafi in na daɗe a rana. Ƙawata da ta bani kuwa shekararta ta biyu kenan tana shafawa, na tura mata hoton kwalin na zagaye sunan da jan layi, na tura mata hotunana na sati na uku da dainawa ban ɓoye komai ba. Tace ta gani, tana tsoron abin da zai biyo baya in ta daina, kuma na fahimce ta dan na san zafin. Nace mata kar ta tsaya ita kaɗai a gida, mu je a duba ta a sauko da ita a hankali. Ta ce sati mai zuwa, wannan ne karo na uku da take cewa haka, ni dai na ce mata ranar Talata zan biyo mata.