Godiya Bayan Bitar Ɗinkin Ƙyallaye a Samaru

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an kammala bitar kwana uku lafiya, sai yau yatsuna suka huce daga sukan allura har na iya zama in yi godiya.

Hajiya malamarmu, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara basira. Ranar farko da kika ce kowa ta zazzage abin da ta zo da shi kan tabarma, kunya ta rufe ni. Wasu sun zo da leshi mai tsada, ni kuwa guntayen atamfa da shadda ne da na roƙo wurin tela, sai tsohon zanen saƙi na Innarmu da ɓera ya ci gefensa. Kika ɗaga zanen nan wajen taga kika ce shi zai zauna a tsakiyar aikina.

Masu tambayata ko bargo muka ɗinka, a'a. Hawa uku ne dai kamar bargo: guntayen da aka harhaɗa a sama, abin cushe a tsakiya, yadi guda a baya, sannan a bi da zare a kama su. Amma wannan a bango ake rataye shi, ba a rufa da shi, ba a wanke shi, shi ya sa fenti da wuri da maɓalli da guntun fata, har takarda, duk suna iya hawa.

Babbar godiyata ga Baba, dattijon nan mai ɗinkin babbar riga da ya zo daga cikin Birni rana ta biyu. Hajiya tana nuna mana hotunan aikin matan Gis Bend na jihar Alabama a Amurka, waɗanda suka yi suna da haɗa tsofaffin kayan aiki, muna ta mamaki kamar abin daga sama ya faɗo. Baba ya miƙa hannu ya latsa samfurin da ke gabansa, ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, ai wannan lifidi ne." Yadi biyu, a cusa audugar rimi, a ɗinke ƙamƙam don kada kibiya ta samu doki ko mahayinsa. Shekara nawa ina kallon 'yan lifidi a hawan salla a ƙofar fada, ban taɓa kawo wa raina ɗinki nake kallo ba! Rimi kuwa a Zazzau, ko sunayen unguwanni sun isa shaida: Rimin Doko, Rimin Tsiwa.

Washegari na ajiye soson da na sayo, na nemo audugar rimi. Santsi gare ta, ga tashi, atishawa kam mun sha ta. Baba ya nuna mini in fara ɗinka layuka tukuna, sannan in riƙa tura ta da tsinke kaɗan-kaɗan. Da hannunsa ya fitar mini da 'yar ƙaramar aska biyu a kusurwa. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ƙanwata ɗalibar sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, ke ma na gode. Da na ɗora dutsen guga mai zafi kan guntun leshin roba ya narke ya bar rami, saura kaɗan in yi kuka. Kika zagaye ramin da fenti shuɗi kamar rinin baba, kika mayar da shi ƙofar gari. A bakinki na ji cewa tun 1958 masu zane su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suna ɗalibai a nan Zariya, suka kafa ƙungiya kan haɗa fasahar gida da ta waje.

Telana na Sabon Gari, maigida da ya yi ta jigila, da Yaya da ta riƙe yara, Allah Ya bar zumunci.

Jiya Inna ta shigo falo ta tsaya gaban aikin, ta daɗe tana shafa tsakiyarsa, sannan ta ce, "Wannan ba zanen da na goya ki da shi ba ne?" Shi ne, Inna.

Af, wadda ta tafi da almakashina mai jan hannu bisa kuskure, don Allah a aiko mini.