Yammaci Guda A Ƙaramar Havana

Shekaranjiya na dawo Kano, amma har yanzu ƙarar 'ya'yan domino tana kunnena. Taron da ya kai ni Mayami ta Amurka ya ƙare ranar Alhamis, sai ɗan yayata da ke karatu a can ya ce, "Kawu, ba za ka koma gida ba ka ga Ƙaramar Havana, unguwar 'yan Kyuba, ba." Tasi kaɗai ta cinye dala 35, abin da ya fi kuɗin motar Kano zuwa Abuja, kuma direban ko gaisuwarmu bai amsa ba.

Muka sauka a Calle Ocho, wato titi na takwas, wajen dandalin Máximo Gómez inda tsofaffi ke buga domino kamar majalisar 'yan dara a ƙofar gida. Wani dattijo ya matsa mana muka zauna, ya sayo kofi, ya rarraba a 'yan kofuna kamar murfin kwalba. Baƙi ƙirin, zaƙi har ka. Da ya ji ni Musulmi ne, ya fasa sayen burodinsu mai naman alade, ya taka da ƙafarsa ya kawo soyayyen agade. Na zaro kuɗi, ya ture hannuna.

Sai bakina ya yi kaikayi, na ce, "Baba, ina labarin 'yan daban Kyuba da muke ji?" Fuskarsa ta canja. Yarona yana fassara, dattijon ya ce a 1980 ya shigo ta jirgin ruwa daga tashar Mariel ta Kyuba, cikin mutum kusan 125,000. Castro, shugaban Kyuba na lokacin, ya cusa wasu fursunoni a cikinsu, shi ke nan aka yi musu kuɗin goro. Shi kafinta ne, bai taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba, amma da an ji Marielito ne, wato wanda ya zo ta Mariel, sai a hana shi aiki. Lokacin hodar iblis ta rikita garin. A 1981 an kashe mutum 621 a gundumar Dade da Mayami ke ciki, har ɗakin ajiye gawa ya cika aka yi hayar mota mai firji.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne manyan 'yan daban ba a jirginsu suka zo ba. José Miguel Battle tsohon ɗan sandan Havana ne, ya yi yaƙin kifar da Castro na 1961, ana masa kallon gwarzo, alhali shi ke riƙe da ƙungiyar La Corporación mai cacar lambobi da suke kira bolita. Yaransa sun ƙone shagunan abokan hamayya a New York da mutane a ciki. Sai 2007 aka yanke masa shekara 20, ya mutu a shekarar. Willy Falcón da Sal Magluta kuwa, 'yan tseren kwalekwale, an tuhume su da shigo da tan 75 na hodar, kotu ta sallame su a 1996, daga baya aka gano an sayi wasu masu taya alƙali hukunci.

Jikina ya yi sanyi. Na tuna unguwanninmu da daba ta ɓata wa suna, yadda ake hana yaron kirki aure ko aiki saboda layin da ya fito, su kuwa masu raba wa yara ƙwaya da kuɗi lokacin zaɓe suna sahun gaba a masallaci.

Washegari muka ga hasumiyar Freedom Tower daga waje, inda aka riƙa karɓar 'yan gudun hijirar Kyuba daga 1962. Bakin teku bai burge ni ba. Asabar na hau jirgi.