Daren da na ɓata awon nutiron

Tun da na dawo Yamai 'yan fadarmu ke tsokanata wai na je Faransa koyon haɗa bom, tunda dai mu mutanen Nijar da an ce nukiliya sai hankali ya tafi Arlit, garin haƙar yuraniyom. To ga abin da na yi can a garin Girenobul.

Wata uku na yi istaj kusa da riyakta, wato tukunyar nukiliya, mai megawat 58, ba kuran take bayarwa ba, nutiron kawai take fitarwa don bincike, wato ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar atom. Na'urar tamu guntun silikon ne da aka sassaƙa daga dunƙule guda, faifai uku a tsaye, irin wanda Helmut Rauch ya fara gwadawa a Biyana a 1974. Nutiron in ya shiga sai ya rabu hanya biyu, mu sa gas ɗin diyuteriyom, wato haidurojin mai nauyi, a hanya ɗaya mu bar ɗayar fayau, inda suka sake haɗuwa sai ƙidaya ta riƙa hawa da sauka, daga nan ake ciro lambar da ke nuna yadda cibiyar diyuteriyom ke ture nutiron, wajen femtomita 6.67 (ma'aunin tsawo ne na girman cibiyar atom).

Kuma duk wahalar nan kan lambobin can ƙarshe ne fa. In aka yi lissafi da ƙarfin da ke tsakanin ƙwaya biyu-biyu kaɗai, ƙarfin da ya ɗaure cibiyar tiritiyom, haidurojin mai ƙwaya uku, yana fitowa wajen 7.6 a ma'aunin makamashi na MeV, alhali awo ya ba da 8.48, dole sai an ƙara wani ƙarfi da ba ya bayyana sai ƙwaya uku sun haɗu. Nutiron da cibiyar diyuteriyom su ma ƙwaya uku ne, shi ya sa awonmu ke tona asirin lissafin da ya kauce.

Wani dare ina gadi ni kaɗai, na ga kamar wata waya ta saki, na buɗe ɗakin na leƙa, wallahi minti biyar ban yi ba. Da safe madam ɗin da ke kula da ni ta buɗe zanen a kwamfuta, ta ɗora yatsa daidai inda layin ya karkace ta ce, ƙarfe biyu da rabi ka shiga ko? Ashe ɗumin jikina kawai ya taɓa silikon ɗin, sai da ya yi awowi kafin ya daidaita. Awon daren duka muka zubar. Ni da na taso cikin zafin watan Afrilu na Yamai, wai ɗan ɗigon digiri ne ya kunyata ni.

Daga ranar ko ruwa zan sha sai na rubuta lokacin a littafin labo, kuma ban sake taɓa ƙofar nan ba sai an ce in taɓa.