Ranar da Bogota ke Ajiye Motocinta

A ranar Alhamis ta farko a watan Fabrairu, birnin Bogota, fadar gwamnatin ƙasar Kolombiya, kan hana motocin gida hawa titi tun daga asuba har zuwa dare. Bas-bas na haya da tasi da motocin asibiti da na kashe gobara kan ci gaba da zirga-zirga, amma mai motar kansa sai ya bar ta a gida, ya shiga bas, ko ya hau keke, ko ya taka da ƙafa, in kuwa ya yi kunnen ƙashi ya fito da ita, tara ce ke jiransa. Wannan ita ce babbar ranar wayar da kai game da muhalli a birnin da ke ɗauke da mutane fiye da miliyan 7, kuma tarihinta ya fi ba ni sha'awa a kan na bukukuwan da ke ƙarewa da jawabai da dashen 'yan itatuwa a gaban masu ɗaukar hoto.

An fara ta ne a ranar 24 ga Fabrairun 2000, a zamanin magajin gari Enrique Peñalosa, sai dai wanda ya fara ba da labarin daga wannan shekara ya tsallake tushensa. Tun a watan Disambar 1974 wasu masu sha'awar keke suka samu izinin rufe wasu manyan tituna na 'yan sa'o'i, dubban mutane suka fito, kuma a 1976 hukumar birnin ta mayar da abin doka. Daga nan aka samu Ciclovía, wadda har yau ake yi kowace Lahadi da ranakun hutu daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, inda ake rufe tituna masu tsawon kimanin kilomita 120 domin masu keke da masu gudu da iyalai masu fita shan iska. Ke nan kafin Peñalosa ya zo da tasa shawarar, mutanen birnin sun shafe shekara 25 suna ganin titi babu mota, yaran da aka koya wa keke a kan waɗannan tituna kuma sun girma sun zama masu jefa ƙuri'a.

Sabon abin da aka kawo a 2000 shi ne zaɓen ranar aiki. Rufe titi ranar Lahadi nishaɗi ne da ba ya taɓa aljihun kowa, amma a ce ranar Alhamis ma'aikacin banki da babban ɗan kasuwa su nemi hanyar zuwa ofis kamar yadda lebura ke nema kullum, wannan magana ce ta daban, kuma 'yan kasuwa da dama sun yi ƙorafin cewa ciniki zai faɗi. Tunanin kansa ba a Bogota aka ƙirƙiro shi ba, domin garin La Rochelle na Faransa ya gwada irinsa a 1997, amma garuruwan Turai galibi tsakiyar gari kawai suke rufewa, ita kuwa Bogota ta haɗa da birnin gaba ɗaya. Abin da ranar ta fito da shi fili shi ne cewa masu motar kansu 'yan tsiraru ne, yawancin mazauna birnin dama can a bas ko a ƙafa suke tafiya, alhali kaso mafi tsoka na titin yana hannun waɗannan 'yan tsirarun.

A watan Oktoban wannan shekarar aka kai maganar gaban jama'a a ƙuri'ar raba gardama, kuma kusan kashi 63 cikin 100 suka amince a riƙa yin ranar kowace shekara. A ganina wannan ƙuri'a ce ta raya ta, domin an yi magadan gari masu bambancin aƙida bayan Peñalosa, daga Antanas Mockus zuwa Gustavo Petro, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, kuma babu wanda ya soke ta, illa dai annobar korona da ta kawo mata tsaiko na ɗan lokaci. Har ma an faɗaɗa ta daga baya ta haɗa da babura, waɗanda yawansu ya ƙaru matuƙa a birnin, aka kuma ƙara tsawon sa'o'inta.

Akwai tambaya ta biyu a waccan ƙuri'a da ba a cika tunawa da ita ba. An tambayi jama'a ko sun yarda daga shekarar 2015 a hana motocin gida fita a lokutan cunkoson safe da na yamma a duk ranakun aiki, kuma masu cewa e sun rinjayi masu cewa a'a. Shekarar 2015 ta zo ta wuce ba a aiwatar da komai ba. Abin da ya rage shi ne tsarin da aka fara tun 1998, wanda ke taƙaita fitar mota bisa lambar ƙarshe ta rajistarta, kuma masu hannu da shuni sun daɗe da gano maganinsa ta hanyar sayen mota ta biyu mai wata lamba.

Batun iska ma yana buƙatar a faɗi gaskiyarsa. Bogota tana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,600, duwatsu sun tokare ta daga gabas, kuma a farkon shekara, lokacin rani, hayaƙi kan kwanta a kan birnin da sassafe. Hayaƙin da ke fita daga ƙananan motocin fetur yana raguwa a ranar, hayaniya ma tana lafawa, amma ƙurar baƙin hayaƙin da ta fi cutar da huhu mafi yawanta daga injinan dizal na manyan motoci da bas-bas take fitowa, su kuwa bas-bas a ranar ne aikinsu ya fi yawa. Saboda haka duk wanda ya auna nasarar ranar da ma'aunin gurɓatar iska kaɗai ba zai ga abin a zo a gani ba.

Inda tasirin ya fi bayyana shi ne a gine-ginen da suka biyo baya. A watan Disambar 2000 aka buɗe TransMilenio, tsarin manyan bas-bas masu hanyarsu ta daban, kuma hanyoyin keke na dindindin sun haura kilomita 500. Sai dai TransMilenio ta yi ƙaurin suna wajen cunkoso, har fasinja kan jira bas biyu ko uku su wuce kafin ya samu wurin tsayawa, kuma birnin ya kwashe shekaru da dama yana muhawara kan jirgin ƙasa na cikin gari kafin a fara gina layinsa na farko.